Wasiƙar Jojiya: Turancin da ya ƙi shiga kunnena

 

Wani ɗan'uwa da ke sayar da kayan gyaran mota a Lome ya aiko mini da tambaya makon jiya. Ƙanensa da ke zaune a Niyu Yok ya samu aiki a wata masana'antar yankan kaji a wani ƙauye na kudancin Amurka, yana shirin kwashe iyalinsa ya koma can. Shi ne yake cewa, tunda yaron yana jin Turanci ai ba wata matsala, ko? Na karanta na yi dariya ni kaɗai a cikin mota, don ni ma haka na ce wa kaina a 2019, ranar da na ɗaure katifa bisa rufin mota na baro unguwar Bironks. Na ga gara in ba shi amsa a nan, wataƙila ta amfani wani.

Masu bin wannan shafi sun san sana'ata. Motocin hannu nake saye in tura Kwatano, daga can a da su kama hanyar Malanbil da Gaya har Maraɗi, kafin rufe iyakar nan da ta tagayyara mu duka. Abin da ya sauko da ni kudu kuwa gishiri ne. A jihohin arewa ana watsa gishiri bisa titi lokacin ƙanƙara, shi kuma yana cin ƙarƙashin mota. Sai ka ga bodi yana sheƙi, amma mai saye a Sekanji ya durƙusa ya leƙa, ya ga tsatsa, ya miƙe ya karkaɗe wandonsa ya wuce. Motar kudu ba ta da wannan ciwon. Ga kuma tashoshin jirgin ruwa kusa, Sabana da Buranzwik, ga hayar gida mai fili inda zan jera mota biyar ba wanda zai liƙa mini takardar tara. Na kama gida a wani ƙaramin gari da bai da nisa da Tifton, a kudancin jihar Jojiya, ƙasar jan turɓaya, gonakin auduga da na gyaɗa. Kusan rabin gyaɗar Amurka daga jihar nan take fitowa. Ranar da na fara ganin bukkar bakin titi ana sayar da dafaffiyar gyaɗa, na ce wa maiɗakina, ke, ashe gida muka dawo.

Ba a kwana uku ba na janye maganar.

Turancina ba na lakwal ba ne, a can Faransanci muka yi. Na tsince shi a bakin 'yan Najeriya a Kwatano, na ƙara goge shi shekara shida a Niyu Yok, ina jayayya da dillalai da direbobin manyan motoci ba tare da tafinta ba. Amma da na shiga shagon sayar da kayan gini a garin nan ina neman makulli, dattijon da ke wurin ya yi mini magana kusan minti guda, wallahi kalma biyu na kama. Ba sauri yake yi ba, a'a, jan maganar yake kamar mai jan ƙosai da bai soyu ba. Kalma mai gaɓa ɗaya sai ya miƙe ta ta zama biyu, mai gaɓa uku kuma ya haɗiye tsakiyarta. Ni kuma da na ba shi amsa, ya karkato kunne ya ce in sake. Muka tsaya muna kallon juna, kowa na ganin ɗan'uwansa ne bai iya Turanci ba.

Hatta sunayen garuruwa ba yadda aka rubuta ake faɗinsu ba. Akwai wani gari kusa da iyakar Fulorida da ake rubutawa Cairo, irin Alƙahirar Masar, amma in ba ka ce "Kero" ba ba wanda zai nuna maka hanya. Vienna kuwa "Bayana" ce a bakinsu. Albany, inda aka taɓa kulle Martin Luther King a gwagwarmayar 1961 zuwa 1962, tsofaffin garin "Olbini" suke cewa, su danna tsakiyar kalmar. Kalmar goma da kalmar gwangwani, "ten" da "tin", murya ɗaya suke fita. Ɗan kasuwa ya san abin da ake nufi da a kasa rarrabe lamba a bakin mai kaya.

To amma duk wannan wasa ne. Kunne yana buɗewa da kansa, kamar yadda Bakano yake wata biyu a Dogon Dutsi ya fara jin Hausar Arewa. Abin da ya kusa ci mini jari ba lafazi ba ne.

A wata na biyu wani Alhaji na Maraɗi ya aiko mini da kafin alƙalami, yana son Toyota Highlander mai tsabta don uwargidansa. Na yi masa alkawarin jirgin ƙarshen wata. Ana cikin haka na ga wata a gefen hanyar ƙauye, an rubuta na sayarwa a gilashi, ta yi zaune ƙarƙashin rumfa kamar amarya. Ban kira lambar da ke jiki ba. Na kutsa da motata cikin gonar har bakin baranda, na fito na wuce kai tsaye wurin motar. Wani tsoho Bature, mai wajen shekara tamanin, ya fito da sanda yana kallona. Ya ce wani abu mai tsawo, na ɗaga masa hannu na ce nawa? Ya sake cewa wani abu game da zafin rana, ya nuna kujera. Na ce ina sauri, nawa? Ya ce dala 6,500.

Nan na shiga aikin da na iya. Na shuri taya, na buɗe inji na girgiza kai, na ce kujerun sun tsufa, launin ba a sonsa a kasuwa. Cikin maganarsa kuma na ji ya ce "fixin' to", ni kuwa na san "fix" gyara ne. Na ce yauwa, ka ga da bakinka ka ce tana bukatar gyara, don haka na taya 3,500. Tsohon ya yi shiru. Ya dubi motar, ya dube ni, ya ce cikin sanyin murya zai yi tunani a kai, ya ƙara da cewa in gaida gida. Na tafi ina murna. A ganina tunda bai ce albarka ba, ciniki ya kusa faɗawa. Na buga wa Alhaji na ce a fara share gareji.

Na kira washegari, ba a ɗauka ba. Na kira sau shida a kwana uku. Ranar huɗu na koma, na tarar an cire takardar daga gilashi, an rufe ƙyauren gonar da sarƙa.

Wanda ya warware mini abin makanikin da ke duba mini motoci ne, baƙar fata haifaffen garin, mai shekara sittin da 'yan kai. Na ba shi labari ina huci, ya ajiye sifana ya yi dariya har da hawaye, sannan ya daina dariyar. Ya ce da fari "fixin' to" ba gyara ba ne, ma'anarta ina shirin yin abu, tsohon cewa ya yi yana shirin sayar da ita. Na biyu, a nan in mutum ya ce zai yi tunani, ya riga ya gama tunanin, a'a ce aka naɗe a tsumma don kada ka ji kunya. Na uku, motar ta matarsa ce, wadda ta rasu watanni kaɗan da suka wuce bayan sun yi shekara hamsin da wani abu tare, kuma duk garin sun sani. Ka shiga gidan mai takaba, ba sallama, ka ƙi kujerar da ya ba ka, ka shuri abin da matarsa ta bari. Sannan ya ce wani abu da ya fi komai yi mini ciwo. Ya ce, ni da na ɗauka ku mutanen Afirka kun fi kowa iya gaisuwa.

Jama'a, ni ɗan Maraɗi ne. Mahaifina bai taɓa buɗe bakin buhu ba sai ya tambayi mai saye gajiya da gida da yara da ruwan bana. Da ya ga abin da na yi da ya ce ba shi ya haife ni ba. Tashar Kwatano ta fara rage mini gaisuwa, Niyu Yok ta ƙarasa ta, har na ɗauka rashin gaisuwa shi ne halin Bature gaba ɗaya. Jirgin ƙarshen wata ya tafi ba motar Alhaji. Sai da na sayi wata a gwanjon Atlanta da tsada, na cike gibin daga aljihuna, na kuma sha magana a waya wadda na cancanta.

Daga nan na koma ɗalibi. Kullum da hantsi in je garejin makanikin nan in zauna bisa bokiti in yi shiru, mutane na shiga suna fita. Abin da ya ba ni mamaki, da na daina fassara maganarsu zuwa Turancin da na sani, na fara fassara ta zuwa Hausa, sai ta zauna daram. Turancin littafi ba ya raba kai da ku, amma su suna da "y'all", wato ku. In suka ce "your mama and them", su Inna ke nan, daidai yadda muke cewa ya su Inna. In mutum zai kai ka gari a motarsa sai ya ce zai "carry" ɗinka, zai ɗauke ka. Yaro ba ya amsa wa babba da i ko a'a tsirara, sai ya haɗa da "sir" ko "ma'am", kamar yadda namu ba ya amsa kiran uba da "me?". Babbar mace kuma ana sa mata "Miss" a gaban sunanta ko da ta yi jikoki goma, kamar Hajiya wance ko Malama wance. Akwai "might could", wataƙila zan iya, wanda na gano shi ne in Allah ya yarda irin ta tela ana saura kwana biyu Sallah.

Wadda ta fi burge ni ita ce "bless your heart". Wannan Allah sarki ce tsantsa. In ɗanka ba shi da lafiya aka faɗa maka ita, tausayi ne na gaske. In kuma ka yi wauta a gaban mata aka faɗa maka ita da murmushi, to an kira ka gaula ne cikin ladabi. Wata uku ina godiya duk lokacin da aka ce mini ita.

Sai dai a yi hattara, kama da wane ba ta wane. Na taɓa jin wani ya ce mana mu zo mu gan su wata rana, na ɗauki iyali ranar Lahadi da yamma muka je da kwalin lemo. Suka karɓe mu da fara'a, amma na ga matar tana ta kwashe kaya daga kujeru fuskarta ta yi ja. Ashe maganar irin bismillar da ake yi wa mai wucewa ce. In suna nufin gayyata za su faɗi rana da lokaci. Kuma in aka ce ka zo "dinner" a gidan tsofaffi, tambayi ƙarfe nawa, don da yawansu abincin rana suke nufi.

Maiɗakina ta fi ni shan wuya, wannan kuma masu shirin kawo iyali su ji da kyau. A Bironks tana sauka bene ta ji Hausa, ga shagon da ake sayar da daddawa da kuka, ga masallatai, ga suna da biki kowane mako. Nan kuwa daga tagarta sai gonar auduga. Ba bas, ba jirgin ƙasa, in ba ki tuƙi kin zama fursuna. Masallacin Juma'a mafi kusa tafiyar wajen awa guda ce. Watanni na fari na sha dawowa in tarar ta yi kuka ta wanke fuska. Abu na farko da ya kamata a yi wa mace a nan shi ne lasin tuƙi, kafin kujeru, kafin talabijin. Ni sai da na yi wata bakwai kafin na gane haka, kuma ba ni da hujja.

Wadda ta fara buɗe mata ƙofa maƙwabciyarmu ce, wata tsohuwar malamar makaranta. Ta zo da tukunya cike da ganye mai kama da kabeji da wake, irin wakenmu fari mai baƙin ido, da burodin masara. Maiɗakina ta buɗe ta ga ƙashin alade a tsakiya. A nan haka ake dafa ganye da wake, har burodin ma wasu da kitsen alade suke yi, don haka kada kowa ya ce ai ganye ne kawai. Muka yi ta shawara: mu zubar mu mayar da tukunya mu ce ya yi daɗi? In muka yi haka, kowane mako sai ta kawo. Maiɗakina ta ɗauki tukunyar ta je ta gaya mata gaskiya, da godiya mai yawa. Matar ta kama baki ta yi ta ba da haƙuri. Bayan mako guda ta dawo tana tambayar ko kyafaffen talotalo ya halatta. Aka yi mata bayanin yanka, ƙarshe dai maiɗakina ke ba ta naman, ita ta dafa. Yanzu kuɓewa suke musaya ta kan shinge, su suna soya ta da garin masara, mu muna kaɗa ta, kowa na mamakin abin da ɗaya ke yi wa kuɓewa.

Tambayar da za a yi maka tun kafin a riƙe sunanka ita ce wace coci kake zuwa. Da fari na ɗauka tarko ne. Daga baya na gane daidai take da namu ɗan gidan wa ne kai, wace unguwa. Mutum yana neman inda zai ajiye ka ne. Ni ina cewa Musulmi ne, ina sallah sau biyar, Juma'a nake zuwa masallaci. Wasu fuskarsu takan sauya, ba zan ɓoye ba. Da yawa kuma sai su gyaɗa kai, don mutumin da ke ibada ya fi kwanta musu a rai bisa wanda ba ya komai. Za su gayyace ka cocinsu, ka yi godiya ka ce kana da naka wurin. Wani lokaci nakan gaya musu ba mu ne Musulmin farko a jihar ba. A tsibirin Sapelo da ke gaɓar tekun Jojiya an yi wani bawa mai suna Bilali Muhammad, mutumin Timbo ta Futa Jalo, wanda ya bar rubutu da Larabci da hannunsa, yana nan ajiye a jami'ar jihar. Kusan duk wanda na gaya wa bai taɓa ji ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ɗan'uwanmu na Lome bai tambaya ba, amma dole in faɗa. Ƙasar nan ƙasar bauta ce a da, kuma tabon bai goge ba. Za ka ga tutar 'yan awaren yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 tana kaɗawa a ƙofar wasu gidaje. Ranar Lahadi da safe farare na cocinsu, baƙaƙe na tasu, a mafi yawan wurare. A watan Fabrairun 2020, a wata unguwa kusa da Buranzwik, garin da nake kai motoci, wasu fararen fata uku suka bi wani matashi baƙar fata, Ahmaud Arbery, yana gudun motsa jiki, aka harbe shi har lahira. An yanke musu ɗaurin rai da rai, amma sai da bidiyon ya fita duniya ta gani kafin a kama su. Da labarin ya bazu makanikin nan ya tuna mini yadda na kutsa gonar tsoho ba izini. Ya ce a nan kusan kowane gida da bindiga. Ka kira kafin ka je. In ka isa, tsaya a bakin hanya, ka danna hon sau ɗaya, ka fito ka tsaya jikin motarka inda za a gan ka. Kada ka je bayan faɗuwar rana. Tun ranar ban saɓa ba.

Akwai kuma wani abu da ke damuna. Na lura da zarar wasu sun ji harshena sun gane daga Afirka nake, sai su sake, su yi ta tambayata labarin raƙuma, alhali makanikin da ke tsaye kusa da ni, wanda kakannin kakanninsa suka nome gonakin nan, ba su ko dube shi ba. Wasu 'yan'uwanmu wannan yana faranta musu rai, har su fara ganin sun fi baƙaƙen nan. Wauta ce. Ɗan sandan da ya tsayar da kai da dare ba ya jin lafazinka ta cikin gilashi. Kuma mutumin da ya koya mini yadda zan tsira da raina da jarina ba shi da wata riba a kaina sai kuɗin canjin mai.

Da wannan duka, akwai abubuwan da na gani a nan da suka tuna mini gida fiye da ko'ina a ƙasar. In aka ɗauko gawa, motocin da ke ɗaya hannun sukan ja gefe su tsaya har ayarin ya wuce, ko ta wace launin fata ce. In aka yi rasuwa maƙwabta ke kai abinci. Direban da ba ka sani ba zai ɗaga maka yatsa daga kan sitiyari in kun gifta a hanyar gona, in ba ka mayar ba ka zama mai girman kai. Da guguwar Helene ta ratsa yankinmu a ƙarshen Satumban 2024, itace ya faɗo ya tare mana ƙofa, kafin rana ta yi tsaka wasu mutum uku sun zo da injin yankan itace, ɗayansu ma mai tutar nan ne a motarsa. Na ba su kuɗi suka ƙi. Har yau ban san inda zan ajiye wannan mutumin a raina ba.

Yara kuwa ba su da matsala ko kaɗan, matsalar tamu ce. 'Yata ta fari, wadda ta zo tana shekara huɗu, yanzu in ta buɗe baki ba ka raba ta da jikar mai gonar gyaɗa. Ita ke yi mini tafinta in wani tsoho ya kira a waya. Ran nan kakarta ta kira daga Maraɗi tana yi mata faɗan ba ta jin Hausa sosai, yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce "yes ma'am". Dokar gida yanzu, daga bakin ƙofa Hausa zalla. Ana karya ta sau goma a yini.

Tsohon nan mai Highlander kuwa, sai da na yi wata biyar kafin na samu ƙarfin halin komawa. Na kira da fari. Na tsaya a bakin hanya. Ya ba ni kujera na zauna, ya kawo shayi mai ƙanƙara da sukari kamar za a yi alawa, na sha. Na yi masa ta'aziyya, na ce abin da na yi ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Ya ce ba komai, motar ma ya ba jikarsa. Muka yi awa biyu ba wanda ya ambaci kuɗi. Da ya ji mu ma manoman gyaɗa ne sai ya gyara zama, yana tambayar wane wata muke shuka, da me muke tono, ya muke yi da ɓawon. A wurinsa na sayi ragon layya shekarar nan, da ta bayanta, kuma shi ya haɗa ni da mutum huɗu da na sayi motocinsu ba dillali a tsakani.

Da na ba shi labarin ƙuliƙuli ya ce sai ya gani da idonsa. Maiɗakina ta soya da gyaɗar gonar ɗansa, na kai masa cikin leda. Ya gatsa sau ɗaya, ya cire haƙoran robarsa ya duba ko sun tsage, ya mayar. Yanzu cikin kofi yake jiƙa shi, kuma ya aiko a ƙara yaji a na gaba.